Ƙarfe Huɗu Na Yamma: Tarihin Takardar Izinin Ƙona Shara A Amurka

A jihar Virginia ta ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar doka da jama'a suka fi sani da sunan dokar ƙarfe huɗu. Daga ranar 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu na kowace shekara, duk wanda zai cinna wa tarin ganye ko rassan itatuwa wuta a wurin da bai kai nisan ƙafa 300 daga daji ko busasshiyar ciyawa ba, to dole ya haƙura sai ƙarfe huɗu na yamma ta yi. In ya yi gaggawa ya kunna da hantsi, tara ce za ta hau kansa, wadda kan iya kaiwa dala 500, in kuma wutar ta ƙwace ta shiga daji, shi zai biya kuɗin da aka kashe wajen kashe ta.

To mai karatu, mu ɗan matsa arewa zuwa jihar Massachusetts, a cikin wannan ƙasa dai. A can, daga 15 ga Janairu zuwa 1 ga Mayu ne kawai aka yarda magidanci ya ƙona rassan da ya sare, bayan ya karɓi izini daga shugaban 'yan kwana-kwana na garinsu, kuma a nesa da gini da aƙalla ƙafa 75. Lokacin ƙonawa kuwa daga ƙarfe goma na safe ne zuwa ƙarfe huɗu na yamma. Wato a daidai sa'ar da mutumin Virginia yake ƙyasta ashana, a sa'ar ce doka ta ce mutumin Massachusetts ya zuba wa tasa wutar ruwa. Ganyen bishiya ma an hana shi ƙonawa ɗungurungum, kuma akwai garuruwa 22, ciki har da Boston, da ba a ba da izinin kwata-kwata.

Wanda ya ga haka sai ya ce ko dai ɗaya daga cikin jihohin nan biyu ba ta san abin da take yi ba. Dukkansu sun sani. Abin da ke faruwa shi ne, 'yar takardar nan ta izinin ƙona shara gadon tsoro biyu ce, kuma tsoron nan biyu ba zamaninsu ɗaya ba. Na farko tsoron harshen wuta ne, na biyu tsoron hayaƙi. Virginia tana jiran yamma ne don a lokacin iska kan lafa, laima ta sauko, ciyawa ta yi sanyi, wuta ba ta gudu. Massachusetts kuwa ta zaɓi tsakar rana, lokacin da zafin rana ke ɗaga hayaƙi sama ya watse, kafin sanyin maraice ya danne shi a kan rufin gidajen maƙwabta.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ganyen bishiya ya zama abin da majalisa za ta zauna a kansa. A yawancin arewaci da gabashin Amurka, itatuwa kan zubar da ganyensu kaf cikin 'yan makonni, tsakanin Oktoba da Nuwamba. Gida ɗaya mai manyan bishiyoyi uku ko huɗu sai ya tara buhuna da dama. Ba akuya ko tunkiya a unguwa da za ta cinye, ba kuma gonar da za a kai a matsayin taki. Ga gidajen nan galibi na katako ne. Ƙididdigar hukumar kare muhalli ta ƙasar ta nuna cewa a shekarar 2018 kaɗai an tara tan miliyan 35.4 na irin wannan shara ta ganye da ciyawa da rassa.

Tsoron harshen wuta

Sa wa wutar gida ido tsohon abu ne a wajen Turawa. Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita yau don dokar hana fita, asalinta daga tsohon Faransanci take, ma'anarta kuwa a rufe wuta, saboda ƙararrawar da ake kaɗawa da dare a garuruwan da, don kowa ya binne garwashinsa kafin ya kwanta. Da suka haye Amurka ma ba su bar al'adar ba. A 1648 gwamna Peter Stuyvesant ya naɗa masu duba wuta a garin New Amsterdam, wanda daga baya ya zama New York, suna bi gida-gida suna leƙa bututun hayaƙi, suna cin tarar wanda ya bar nasa da datti. Amma duk wannan a cikin gari ne. A ƙauye da bakin daji, wuta kayan aiki ce kamar gatari. Manomi ya sare daji ya ƙona ya yi shuka, ba mai tambayarsa.

Abin da ya sauya wannan shi ne cinikin katako. Bayan yaƙin basasar Amurka, kamfanoni suka afka wa dazuzzukan jihohin Wisconsin da Michigan da Minnesota. Sukan ɗauki gangar jikin itace su bar rassa da kawuna zube a ƙasa, mil bayan mil, suna bushewa. Manoma na biye da su suna ƙona kututture don su sami gona, masu shimfiɗa layin dogo su ma suna ƙona abin da suka share. A shekarar da damina ta yi kyau ba a jin komai. Shekarar 1871 kuwa fari aka yi. Ranar 8 ga Oktoba wata gawurtacciyar iska ta taso ta haɗe ƙananan wutacen nan suka zama guda, ta nufi garin Peshtigo a Wisconsin. Mutane suka riƙa faɗawa kogi don tsira, wasu ruwan ya ci su. Aƙalla mutum 1,200 suka mutu, wasu masana na kai adadin 2,500, kuma daji mai faɗin eka miliyan 1.2 ya ƙone. Har yau ba a yi gobarar daji da ta ci rayuka kamarta a tarihin ƙasar ba. Sai dai a wannan dare ne kuma birnin Shikago ya kama da wuta, inda kimanin mutum 300 suka rasu, jaridu suka tattara hankalinsu can. Shikago kowa ya san labarinta, Peshtigo kuwa ko a Amurka ba kowa ba.

Ba a ɗauki darasi nan da nan ba. Sai da aka sake kwatawa a Minnesota ranar 1 ga Satumba 1894, inda cikin sa'o'i huɗu wuta ta cinye garin Hinckley da ƙauyukan kewayensa, ta kashe mutum 418 a ƙidayar hukuma. A nan ne wani direban jirgin ƙasa mai suna Jim Root ya yi suna, don ya kwashi ɗaruruwan mutane ya ja jirgin da baya cikin wuta har zuwa wani tafki mai taɓo inda suka nutsa jikinsu suka tsira. Shekara ɗaya bayan haka, a 1895, majalisar jihar ta ƙirƙiro muƙamin babban mai kula da gobarar daji, aka ba Janar Christopher C. Andrews. Wannan mutum tsohon soja ne da ya yi jakadancin Amurka a Suwidin da Norwe, a can ya ga yadda ake renon daji kamar gona, ya dawo yana ta wa'azin abin shekara da shekaru ba mai saurarensa. Dokar ta mai da shugabannin ƙananan garuruwa masu kula da wuta a yankunansu. A nan aka dasa tushen abin da muke gani yau: ikon cewa a ƙona ko kada a ƙona yana hannun wani mutum na kusa, wanda ya san iskar yankin ya kuma san mai neman izinin.

Duk da haka sai da aka ƙara biyan farashi. Gobarar Baudette ta 1910 ta sa aka kafa hukumar gandun daji ta jihar a 1911. Sannan ranar 12 ga Oktoba 1918 tartsatsin jirgin ƙasa ya tada wutar da ta share Cloquet da Moose Lake, mutum 453 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya, 1919, majalisar Minnesota ta kafa dokar da ta wajabta karɓar takardar izini kafin a ƙona komai a fili. Mai karatu zai lura cewa kowace doka a jerin nan bayan jana'iza ta zo.

Tsarin nan yana nan da ransa. A Minnesota har gobe akwai 'yan sa-kai a ƙauyuka da hukuma ta ba ikon rubuta takardar izini, ko da yake yanzu mutum na iya sayen ta shekara ta intanet a kan dala biyar. Riƙe takardar bai isa ba, sai ranar da za ka ƙona ka tuntuɓi hukuma ka ji ko yanayin ranar ya yarda. In dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa da kaurin inci uku, ba ka buƙatar izinin kowa. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya nuna wa mutum abin da masu dokar suke tsoro: hayaƙi ɗaya ne ko da ƙanƙara ko babu, wuta ce dai ba ta iya gudu a kanta.

Mutanen Kudu da wutar kakanninsu

A kudancin ƙasar labarin ya ɗan bambanta, kuma yana da ban dariya ta wani gefe. Talakawan karkara a Jojiya da Fulorida da Mississippi sun gaji ƙona daji duk shekara, al'adar da suka tarar a wajen 'yan asalin ƙasar. Suna cewa wuta tana kashe kaska da macizai, tana fito da sabuwar ciyawa ga shanu. Malaman daji da suka yi karatu a arewa suka ɗauki wannan jahilci tsantsa. Daga 1928 ƙungiyar kula da dazuzzuka ta Amurka ta tura matasa da motoci ɗauke da majigi, suna bi ƙauye-ƙauye har shekara uku suna nuna wa mutane illar wuta. Da abin ya ƙi ci, hukumar gandun daji ta tarayya ta ɗauko wani masanin halayyar ɗan Adam, John Shea, ya je ya binciko abin da ke damun mutanen nan. A 1940 ya buga sakamakonsa, inda ya ɗora laifin a kan al'ada da talauci da rashin abin nishaɗi.

Ashe dai ƙauyawan nan suna da gaskiya a babban ɓangaren maganarsu. Bincike ya tabbatar da cewa itacen pine mai dogon ganye da ya mamaye yankin ba ya hayayyafa sai da wuta mai bi ta ƙasa lokaci-lokaci, kuma dajin da aka hana wa wuta shekaru da yawa, ranar da ya kama ba mai iya tare shi. A 1943 hukumar tarayya ta sassauta ta yarda da ƙona daji bisa tsari a Kudu, a 1990 kuma Fulorida ta kafa dokar da ta kare wanda ya ƙona bisa ƙa'ida. Wannan ne ya sa a jihohin Kudu izinin ƙona shara ya fi kama da sanarwa. A Karolina ta Kudu, alal misali, wanda ke wajen gari abin da doka ta ɗora masa shi ne ya sanar da hukumar gandun daji, ya share kewayen wurin, ya tsaya a kan wutarsa har ta mutu.

Tsoron hayaƙi

Tsoro na biyu a birni aka haife shi. Ranar 26 ga Yuli 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani irin hazo mai yaji ya lulluɓe Los Angeles a Kalifoniya, idanu na hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi, har wasu suka zaci Japan ce ta kawo harin iskar guba. Birnin yana zaune ne a kwari, duwatsu sun kewaye shi, iska mai ɗumi kan zauna a sama kamar murfin tukunya ta hana ta ƙasa tashi. A 1947 gundumar ta kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, irinta ta farko a ƙasar. Da aka shiga lissafin masu hayaƙi sai ga wani mai laifi da ba a zata ba: kusan kowane gida yana da ɗan tanderun siminti a harabarsa, inda ake ƙona takardu da ganye da tarkacen ɗakin girki. An ƙiyasta sun haura 300,000.

A farkon shekarun 1950 wani malamin kimiyyar sinadarai na jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya gano cewa babban tushen hazon shi ne hayaƙin motoci da matatun mai idan hasken rana ya dafa shi. To amma wa zai iya raba mutumin Los Angeles da motarsa? Tanderu ya fi sauƙin kamawa. Aka fara da ƙayyade sa'o'in ƙonawa, aka yi ta ja-in-ja na shekaru, domin hana ƙonawa yana nufin gwamnati ta sayi motocin kwasar shara ta kuma nemi inda za ta zuba. Daga ƙarshe, daga 1 ga Oktoba 1957, aka haramta tanderun baki ɗaya. Sai wata rigimar ta ɓullo: aka ce matan gida su riƙa ware shara, gwangwani daban, abin da ke ƙonuwa daban, ragowar abinci daban. Sam Yorty ya ɗauki wannan ƙorafi ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 1961, ya yi alkawarin kowa ya zuba shararsa a mazubi ɗaya, ya kuwa kada magajin gari mai ci, Norris Poulson. Shara ta ci kujerar mutum.

A sauran sassan ƙasar kuwa, shekarun 1950 da 1960 su ne zamanin ƙona ganye. Sojoji sun dawo daga yaƙi, an gina sababbin unguwanni a bayan birane, irin su Levittown da aka fara a 1947, kowane gida da filin ciyawarsa da bishiyoyinsa. Ranar Asabar ta kaka sai maigida ya ɗauki manjagara ya tara ganye a bakin titi ya sa wuta, yara na tsalle a kan tarin kafin a kunna. Tsofaffin Amurkawa har yau in suna tuna ƙuruciya, ƙamshin wannan hayaƙi suke fara ambata, marubutansu ma sun sha yi masa bege. Ni dai ina ganin wannan bege shi ne babban dalilin da ya sa aka kasa kashe al'adar da doka guda. Mai fama da asma a gida na gaba ba ƙamshi yake ji ba. Ganyen da aka tara yawanci da danshi a cikinsa, ba ya ci da kyau, sai ya yi ta turnuƙa, yana fitar da iskar kabon mai guba da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu shigewa can cikin huhu.

Mutane sun riga sun ga abin da hayaƙi kan yi in ya sami sarari. A Oktoba 1948 hayaƙin masana'antu ya kashe mutum 20 a garin Donora na Pennsylvania. A Disamba 1952 na Landan ya kashe aƙalla 4,000, bincike na baya ya ce sun kai 12,000. Waɗannan ba hayaƙin ganye ba ne, amma su suka koya wa jama'a cewa iska ma abin da hukuma za ta tsare ne. A Disamba 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, kuma a ranar ƙarshe ta shekarar shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska. Dokar ba ta ce uffan a kan tarin ganyen wani magidanci ba. Abin da ta yi shi ne ta sa ma'auni na tsabtar iska, ta ce kowace jiha ta kawo tsarin yadda za ta cimma shi. Jihohi suka duba suka ga hana ƙona shara a fili ya fi taɓa masana'anta arha, sai suka fara da shi.

A nan ne fa aka sami tarnaƙi. Hukumar gandun daji tana da dokarta tun 1919 ko makamancin haka, yanzu ga hukumar muhalli ta zo da tata, ga kuma majalisar gari da 'yan kwana-kwana. Ba a soke wata don wata ba, an dai jibga su ne a kan juna. Mutum na iya riƙe da takardar malamin daji a hannu, ɗan sandan gari ya ci tararsa, kuma kowannensu yana kan doka.

Jihar Illinois ta fi kowa nuna wannan ruɗani. Dokar muhallinta ta fito fili ta hana hukumar kula da gurɓata kafa dokar da za ta haramta ƙona sharar lambu a faɗin jihar gaba ɗaya, sai aka bar wa kowane gari ya yanke wa kansa. Sannan daga 1 ga Yuli 1990 aka hana kai ganye da ciyawa ramukan binne shara, don suna cika wuri. To ganyen ya nufi ina? Garin da ke da kuɗi ya sayi motar zuƙe ganye ya buɗe filin yin taki, ya hana ƙonawa. Garin da ba shi da hali ya bar mutane da ashanarsu, ya sa musu ranaku da sa'o'i. Shi ya sa za ka ga garuruwa biyu da titi ɗaya ya raba, wannan gefe hayaƙi na tashi, wancan gefe laifi ne. Kusan duk kaka sai an ji wata majalisar gari ta cika maƙil, iyayen yara masu asma a gefe guda, tsofaffi masu manyan filaye da ba su da kuɗin biyan mai kwasa a ɗaya gefen. Duk wanda ya ce wannan gardama mai sauƙi ce bai saurari ɓangarorin biyu ba.

Inda aka samar wa ganyen mafita dai an ga canji. A 1990 tan miliyan 4.2 kacal na sharar lambu aka mayar taki a duk ƙasar. A 2018 adadin ya kai tan miliyan 22.3, wato kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka tara. Wani abin da ya ƙara tsananta dokokin shi ne halin mutane na cusa roba da leda a cikin wutar ganye. Wani bincike da masanan hukumar muhalli suka buga a 2000 ya nuna cewa gidaje ƙalilan, daga biyu zuwa arba'in, masu ƙona sharar gida a duro kullum, suna iya fitar da gubar dayoksin daidai da ta babbar na'urar ƙona shara ta zamani mai cin tan 200 a rana. Saboda haka kusan kowace takardar izini a yau tana ɗauke da sharaɗin cewa abin da ya tsiro a filinka kaɗai za ka ƙona.

Abin da takarda ba ta iya yi

A 2009 jihar New York ta haɗa tsoron nan biyu a doka ɗaya. Ta hana ƙona ganye da sharar gida ko'ina a jihar, ta bar ƙona rassa ga garuruwan da mutanensu ba su kai 20,000 ba, su ma ban da tsakanin 16 ga Maris da 14 ga Mayu, lokacin da ƙanƙara ta narke ta bar busasshiyar ciyawar bara a fili, sabon ganye bai fito ba. Hukumar jihar ta ce gobarar daji ta wannan lokaci ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekarun da suka biyo baya. Jojiya kuwa wata hanya ta bi. Tun 1996 ta hana ƙonawa daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba a kewayen Atlanta saboda hazon lokacin zafi, aka fara da gundumomi 13, yanzu sun kai 54. Amma a 2021 sai majalisarta ta cire wajabcin neman izini ga wanda zai ƙona ganye da rassan da ya tara da hannu. Maimakon takarda sai aka ɗora masa sharuɗɗa: ƙafa 25 daga daji, ƙafa 50 daga gini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ya tsaya a wurin, kuma in wuta ta ƙwace, alhakin a wuyansa yake.

Wannan alhaki kuwa, in aka auna shi da ɓarnar da kan biyo baya, abin tausayi ne. A Afrilu 2009 wani magidanci a kusa da North Myrtle Beach, a Karolina ta Kudu, ya ƙona shara a filinsa. 'Yan kwana-kwana sun zo, aka ɗauka wutar ta mutu. Bayan kwana huɗu, ranar 22 ga wata, iska ta tono ta. Ta ci eka fiye da 19,000 da gidaje 76. Tarar da aka yanka wa mutumin, ta rashin sanar da hukuma da barin wuta ta tsallaka filin wani, dala 732 ce.

Na Kolorado ya fi wannan tayar da hankali, don a can ba a ma sami wanda za a ce ya karya doka ba. Ranar 24 ga Disamba 2021 mazauna wani gida a gundumar Boulder suka ƙona rassa da tarkacen itace. Wani ya kira hukuma, jami'ai suka zo suka duba, suka gamsu da yadda ake yi, ranar ma akwai danshi. Da aka gama aka rufe wurin da ƙasa. Ranar 30 ga wata iska mai gudun fiye da mil 100 a sa'a ta sauko daga duwatsu ta yaye ƙasar nan, ashe garwashi na nan da rai a ƙarƙashi. Kamar yadda rahoton hukumar 'yan sandan gundumar na Yuni 2023 ya nuna, wannan ce wuta ta farko, sannan wata ta biyu ta tashi daga wayar lantarki ba da jimawa ba, ko da yake kamfanin wutar ya musanta, suka haɗe suka nufi garuruwan Superior da Louisville. Kafin dare gidaje 1,084 sun zama toka, mutum biyu sun mutu. Mai gabatar da ƙara na gundumar ya duba shaidun ya ce ba zai gurfanar da kowa ba, domin a ranar da aka kunna wutar an bi ƙa'ida, garwashin kuwa kwana shida ya yi a binne.